Kati Ɗaya a Gidan Gambo

Ku jawo bencin nan cikin inuwa. Ke mai waya, kife ta a cinya, ba guduwa za ta yi ba. Tun ranar da makarantarku ta turo ku koyon aiki nake jin ƙus-ƙus ɗinku, wai tagar magani ita ce wurin hutawa a asibitin nan: a rubuto, ka zuba a leda, ka miƙa, shi ke nan. Jiya har na ji wani a cikinku, ba zan nuna shi ba, ya san kansa, yana cewa ko mai tallan gyaɗa aka ajiye a wurin za ta iya. Wata kuma ta ce labulen ƙofar sito ya tsufa, a cire shi a yar. To sannunku da ƙoƙari. Ni a bayan tagar nan furfura ta same ni, kuma har yau in mace ta zo ta tsaya tana murza bakin mayafi, sai gabana ya faɗi.

Aikin farko da Malam Tanimu ya ɗora ni a kai naɗin ambulan ne. Shi ne dispensan da na tarar a nan ina budurwa, Allah ya ji ƙansa, dogo ne mai faɗan tsiya. A lokacin babu 'yar ledar nan da kuke murza bakinta ta rufe. Tsofaffin takardu muke yankawa da almakashi, mu naɗe, mu liƙe da ƙaro, mu jera a rana. Sai ya zo ya ɗaga ɗaya ya hura iska a ciki. In kusurwa ta buɗe, a jikina zai watso min shi.

"Tasalla," in ji shi, "matar da za ta karɓi wannan a bakin zani za ta ƙulle shi, ta taka a ƙasa har bakin dam. In ƙwaya ta zube a hanya ba ita ta zubar ba, ke ce."

Kukan da na sha a bayan ɗakin can Allah kaɗai ya sani. Sai da na cinye damina guda ina naɗi da shara kafin ya bar ni na taɓa tiren ƙirga ƙwaya. Tiren nan da ya lotse a gefe, wanda kuke yi wa dariya, nasa ne, da 'yar wuƙar da ake tura ƙwaya da ita. Ba a taɓa magani da yatsa, ba a zuba iri biyu a tire ɗaya, ba a amsa gaisuwa ana cikin zubi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya, don mutanen nan in ba ka amsa gaisuwarsu ba, kafin yamma sunanka ya zaga gari. Sai na koyi ɗaga hannun hagu alamar ina zuwa, in na rufe ambulan sannan in tambayi gida da yara da gajiya har sai mutum ya ƙoshi.

Zubin ma ba shi ne aikin ba. Aikin yana farawa ne bayan an miƙa. Kada wanda ya ce wa tsohuwa "sau uku a rana." Za ta ce to, ta je gida ta haɗiye ukun gaba ɗaya da safe don ta huta, ta tafi gona. Cewa ake yi ɗaya in an idar da asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan isha'i, kuma sai da abinci a ciki. Ka ja layi da jan biro a jikin ambulan, sannan ka ce ta maimaita maka. In ta maimaita tana kallon ƙasa, to akwai magana: ko ba ta gane ba tana jin nauyinka, ko ta gane amma ta san ba za ta yi ba. Akwai wani manomi, Baba Istifanus, daga unguwar Kiristocin da ke hayin rafi, ku riƙe sunansa don zan dawo kansa. Ranar da na fara ba shi magani na tsaya ina in-ina, na rasa da wane lokaci zan kwatanta masa. Ya kwashe da dariya ya ce, "Malama, faɗi abinki. Ladaninku ai mu ma shi ne agogonmu."

Wata shekara aka canza mana maganin hawan jini daga fari zuwa ruwan ɗorawa. Magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya. Wallahi tsofaffin garin nan yaji suka yi min. Wani ya dawo da nasa ya ce na ba shi na mata. Wani kuma da na ga jininsa ya ƙi sauka na bi shi gida, ashe duk baƙon da ya zo ya ce kansa na ciwo sai ya ɓallo masa ɗaya, kamar mai rabon goro. Na yi ta masifa. Ya bari na gama ya ce, "To Malama, mutum ya zo gidana da ciwo, ina da magani a aljihu, in hana shi?" Me za ka ce masa? Mutumin kirki ne, kirkin ne kuma yake neman kai shi ƙasa. Irin waɗannan mutane za ku yi wa aiki, ku sani tun yanzu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ba a koyarwa a aji, wanda Malam Tanimu ma bai taɓa faɗa min da baki ba sai dai na gani a wurinsa, shi ne tambaya. Me za ka tambayi mutum, a gaban wa, da abin da ba a tambaya ko kusa. Don ku gane wannan sai na ba ku labarin Gambo.

Gambo mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a bakin kanal, hanyar ruwan nan da ta taso daga dam ɗin Watari. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure. Mutum biyu suka rage a hannunta: ɗanta na fari, Isiyaku, da wata 'yar ƙaramar yarinya, Ummi, marainiya, 'yar ƙanen mijinta da dangi suka ba ta riƙo. Isiyaku farfaɗiya gare shi tun yana yaro. Kun san yadda ake yi wa mai ita a ƙauye. In ta kayar da shi sai a watse, wai kada yawunsa ya taɓa mutum. Kwanonsa daban, tabarmarsa daban. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi yawon masu magani har gona guda ta tafi a kai.

Gambo kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ku a birni yanzu uwa na kiran ɗanta na fari da sunansa gatsal, har ta ɗauke shi hoto ta sa a waya. A nan ba haka ba ne. Uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane ko da cikinta na ƙuna. Tunda nake da Gambo ban taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba. In ta zo taga sai ta bari layi ya ƙare, ta matso, ta ce, "Malama, na wancan." Ni kuma ba na cewa na wa. In zuba, in ce, "Yaya jikin mutumin?" Ta ce, "Yana nan dai," tana kallon bango. Sai ta ƙulle ambulan a bakin zani, ta ja ta ji ya ƙullu, ta ƙara wani ƙullin a kai, ta sake ja. A ƙullin nan nake ganin abin da ba ta faɗa.

Da farko saye take yi, in ta samu ya sha, in ba ta samu ba ya faɗi. Sai aka kawo katin lafiya. Ku kun taso kun tarar da shi kuna ce masa inshora, mutanen nan kati kawai suke cewa. Yadda abin yake, gwamnatin tarayya ke sakin wani kaso na kuɗi, jiha ta ɗora nata a kai, a biya wa marasa ƙarfi: matan da mazansu suka mutu, marayu, tsofaffi, masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum. Mai kati ya zo a duba shi, in ba shi magani, ya tafi bai ciro ko sisi ba. Gidan Gambo su ukun aka yi musu. A shekarun nan na ga abin da ban taɓa gani ba a aikina. Kantar magani a cike. Mata na zuwa awo tun ciki bai fito ba. Tsoho ya zo karɓar na wata tun na hannunsa bai ƙare ba, har ya tsaya yana yi min tsiya wai na yi ƙiba.

Isiyaku kuwa sai ya zama mutum. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, ɗaya da safe ɗaya da dare, ba fashi. Wata ya bi wata bai faɗi ba. Ya karɓi gonar ubansa ya shiga noman rani, tumatur da albasa. Gonarsa na jikin ta Baba Istifanus, shi ya koya masa jan ruwa da tiyo: ka nutsa shi a kanal ya cika, ka toshe baki da tafin hannu, ka ja ka kwantar a fangalin shuka, ruwa ya bi da kansa. Tun farko na gargaɗe shi cewa mai wannan ciwo da bakin ruwa ba sa shiri. Ya ce, "To Malama, in ci me?" Baba Istifanus ya ce in bar masa, idonsa na kan yaron, shi bai yarda da zancen yawu ba, ya sha riƙe kansa a cinya har ya farfaɗo. Sannu a hankali samari suka fara sa hannu a kwano ɗaya da shi. Har aka fara ƙishin-ƙishin ɗin aurensa da wata yarinya a wajen Bagwai. Ranar da ya kawo min kwandon tumatur ɗinsa na farko, Gambo na biye a baya can nesa kamar ba tare suke ba. Na ce, "Gambo, kin ga aikin mutumin?" Ta juya min baya wai rana ta yi za ta je ta ɗora sanwa. Amma na ga kafaɗarta na rawa, dariya take yi a cikin mayafi.

Sai shekarar da aka yi wa kuɗin iyaka. A rediyo na fara ji ban ma kula ba, na ɗauka zancen manya ne can sama. Aka tara mu a Bagwai, wani jami'i ya yi mana bayani, shi ma fuskarsa ba daɗi. Ya ce daga yanzu abin da zai riƙa zuwa daga tarayya an ƙayyade shi. Ba zai ƙaru don marasa lafiya sun ƙaru ba, ba zai ƙaru don magani ya yi tsada ba. Magani kuwa a lokacin duk zuwan da ka yi sito sai ka tarar da sabon farashi. Jiha ta ce ba za ta iya cike giɓin ita kaɗai ba. Abin da ya rage yanka ne, ko a rage magungunan da kati ke ɗauka, ko a rage masu katin. Aka yi duka biyun. A ɓangarenmu aka ce katin kyauta mutum ɗaya za a bar wa a kowane gida, sauran sai in hali ya yi.

Wata nas ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, gidan da ke da marasa lafiya biyu fa?"

Ya ce, "Su zaɓa." Takalminsa yake kallo da ya faɗa.

Shi ya faɗa ya hau mota. Mu ne za mu tsaya a taga mu ga zaɓin. Magidanci mai ciwon suga ya bar wa matarsa mai ciki. Tsohuwa ta bar wa jikanta mai sikila, ta koma shan saiwa. Mutum ya zo ya miƙo min tsohon kati da hannu biyu, ya san an yanke shi, na san an yanke shi, amma ya miƙo ko Allah zai sa. Ku da kuke cewa aikin taga hutu ne, ku jira ranar da magani na bayanku a kan kanta, mai ciwon na gabanku, kuma ba naku ba ne balle ku bayar.

Ranar da masu sabunta kati suka zo garin nan ina Bagwai karɓo kaya. Sun riga ranar da suka sa, don ƙauyuka da yawa ke jiransu. Abin da ya faru matan da ke wurin ne suka ba ni labari. A gindin darbejiyar can aka kafa tebur, gari ya taru, mai unguwa na zaune. Wanda ke riƙe da kwamfutar wani matashi ne ɗan birni, mai ladabi, ya gaji tiɓis, tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Ba ni da abin da zan ce ya yi ba daidai ba. Abin da aka aiko shi ya tambaya shi ya tambaya. Layi ya zo kan Gambo, Ummi na riƙe da zaninta, Isiyaku na gona. Ya ce, "Inna, ku uku ne a gidanki. Wa za a bar wa?"

Ku dubi inda aka tsayar da matar nan. A bayanta ga dangin mijinta, waɗanda suka ba ta amanar marainiya. A gabanta ga mai unguwa. Ana so ta buɗe baki a bainar jama'a ta kira sunan ɗanta na fari, ta ce shi ta fifita a kan 'yar riƙo. Da ta yi haka, kafin magariba an gama cewa Gambo ba ta da kara, ta ture marainiya ta zaɓi na cikinta. Ba ma ta abin da za a ce ba, bakin ne ba zai buɗu ba, a kan haka aka gina ta tun tana amarya. Suka ce ta daɗe a tsaye tana murza mayafi. Matashin ya sake tambaya a hankali, don layi na da tsawo. Sai ta dafa kan yarinyar ta ce, "Ummi."

Mata suka ce Allah ya yi miki albarka Gambo, kin cika 'yar halak. Aka danna, aka kira na gaba.

Da na dawo na ji, ko kayan ban sauke ba na nufi gidanta. Na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Haba Gambo! Me ya kai ki? Ummi lafiyarta ƙalau, shi ne ba ya kwana ɗaya ba magani!" Faɗa na yi mata na gaske, har maƙwabta suka leƙo ta danga. Ba ta ɗago ba, ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Malama, a gaban mutane aka tambaye ni." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Isiyaku ya shigo da fartanya a kafaɗa ya tsinci zancen. Ya ce, "Malama, ki bar ta, daidai ta yi. Da ni ta zaɓa, da wane ido zan kalli yarinyar nan? Ni ina da gona, zan saya."

Na je ofis a Bagwai, na je har Kano, a canza sunan. Ba wanda ya wulaƙanta ni, har kujera aka ba ni. Amma kowa maganarsa ɗaya: an rufe sai kuɗin baɗi sun sauka, in an buɗe wa gida ɗaya gidaje nawa ne za su biyo baya? Kuma gaskiyarsu ne, don ni kaina ba kukan gidan Gambo kaɗai na kai ba.

Kada kuma ku ce zaɓin banza ta yi. Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kama Ummi har ta fara sanƙarewa, jininta ya yi ƙasa, aka wuce da ita babban asibiti. Katin nan ne ya ɗauki gado da allurai da ƙarin jini. Ba don shi ba da an binne ta. Shi ya sa har yau in na zauna ina juya abin a raina, ban san me zan ce Gambo ta yi ba. Gida ne mai bukatar kati biyu aka ba shi ɗaya.

Isiyaku ya koma saye a kemis ɗin Alhaji Modu a kasuwar Bagwai, wani Babarbare da tun kakanninsa suke nan, yana ba shi a yadda ya saro. Da farko bai yi fashi ba. Sai rani ya zo tsutsa ta shiga tumatur, ta cinye gonakin bakin kanal kaf. Mu ma'aikata muka yi karo-karo muka saya masa, muka sake, amma ga mai asma, ga mai suga, ga yaran sikila, duk an yanke su, albashin kuwa kun kusa sanin yadda yake. Sai ya daina gaya min in ya ƙare, nauyi yake ji. Baba Istifanus ne ya zo ya tsegunta min ya ga yana raba ƙwayar biyu da reza, daga baya ma sai ya sha yau ya tsallake gobe. Na tare shi a hanyar gona na ce, "Isiyaku, wannan maganin ba a yi masa haka. In ka tsallake, ciwon dawowa yake da ƙarfin da ya fi na da. In ya ƙare ka zo ka faɗa min ko da ba ni da shi. Kuma don Allah kada ka kusanci ruwa kai kaɗai." Ya ce to Malama, in sha Allahu. Na ce maimaita min. Ya maimaita tsaf, ba abin da ya bari, yana kallon ƙasa.

Ruwan kanal rabo ake yi, kowane layin gonaki da ranarsa. In ranarka ta wuce sai wani zagayen, shuka kuwa ba ta jira. Albasarsa ce kaɗai ta tsira, ita yake sa ran cirewa ya sayi magani. A makon nan ranarsu ta faɗo Lahadi. Baba Istifanus ya ce masa ya jira a tashi daga coci su gangara tare, ya ce to. Da hantsi Isiyaku ya ga ruwa na wucewa, ya kasa zama, ya gangara shi kaɗai. Da aka tashi daga coci, Baba Istifanus ko gida bai biya ba, da kayan cocinsa ya nufi gona. Ya tarar da tiyo a kwance yadda ya koya masa, ruwa na bin fangali, albasa ta sha ta ƙoshi. Isiyaku na kife a cikin kanal. Ruwan wurin ko gwiwa bai kai ba.

A amalanke suka kawo shi nan, ban san me suke so in yi ba. Na duba abin da ake dubawa, na cire mayafina na rufe shi. Baba Istifanus ya zauna a dandamalin can, fararen kayansa duk laka, yana kuka yana cewa da ya sani da ya fito kafin addu'ar ƙarshe. A aljihun Isiyaku aka sami tsohon ambulan ɗina da jan layinsa, da rabin ƙwaya a ciki.

Na je zaman makoki. Gambo na zaune a tsakar gida idonta a bushe, ana yi mata gaisuwa tana cewa sai haƙuri, lokaci ne, har tana tashi ta zubo wa baƙi ruwa. Ɗan fari ne, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Mata na ta yaba mata dauriya. Ni ce na kasa, na zaga bayan danga na yi mai isata. Raina ya ɓaci a ranar nan ɓacin da har yau bai gama sauka ba, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Wanda ya sa iyakar nan bai san da Gambo a duniya ba, ita ma ba ta san da shi ba.

Da shekara ta kewayo aka ce jiha ta ɗan ƙara nata, za a mayar da mutum ɗaya a gidajen da aka yanke. Wannan karon na ce ba dai a gindin darbejiya ba. Mai unguwa ya so ya yi magana, na ce masa in dai ina asibitin nan a ciki za a yi. Na kwashe kwalaye daga sito, na shigar da tebur, na sayo yadi na rataya a ƙofa. Mace ta shiga ita kaɗai, daga ita sai ni sai mai kwamfuta. Matashin nan na bara ne ya dawo. Bai san abin da ya faru ba, ni ma ban gaya masa ba, me zai yi da shi?

Gambo ta bari layi ya ƙare kamar yadda ta saba. Ta shigo ta rame, ta zauna a bakin benci. Ni a zatona ita za a mayar, don tun rasuwar Isiyaku jininta ya hau. Ya ce, "Inna, an ƙara muku mutum ɗaya. Sunan wa za a sa?"

Ta waiga ta dubi labule, ta ga a sake yake, ba kowa. Ta dube ni. Sai ta ce, "Isiyaku."

Da ƙarfi ta faɗa, kamar mai kiran yaro daga gona ya zo ya ci abinci. Ta sake cewa, "Isiyaku." Matashin ya ce to Inna, ya kai hannu zai danna. Na riƙe masa hannu. Na ce, "Gambo..."

Ta ce, "Na sani, Malama, ba ruɗewa na yi ba. An tambaye ni ne ba kowa a wurin, na ce bari in faɗa."

Labulen da kuka ce a cire ke nan. Ba mai taɓa shi ina raye. Ku tashi, layi ya taru a taga, kuma wadda kuka ga ta tsaya a ƙarshe tana murza mayafi, ku shigo da ita ciki kafin ku tambaye ta komai.